Ni Na Cire Kebul ɗin Malama Yagana

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Umma. Na yi ta ajiye shi, ina cewa sai Malama Yagana ta dawo in faɗa mata da bakina.

Da safiyar nan labari ya iso mini cewa ba za ta dawo ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya Juma'a ta rasu, bayan la'asar, a gidan ɗanta da ke Abuja. Wayar Baba ta kwana babu caji, sai da gari ya waye ya ga saƙon. Ina shara a tsakar gida Umma ta kira ni da cikakken sunana, Hafsatu, ba Hafsa ba. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna tun kafin ta ce komai.

Ba ni da waya. Wannan shafin Yaya Rabi ne, ta ara mini. Waɗanda suka san ni sun san ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa zan rubuta. Ku yi haƙuri idan ya yi tsawo.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata a unguwar Gwange. Ita ta koyar da mu a aji huɗu, shekararta ta ƙarshe kafin ta yi ritaya.

Ranar farko ta yi mini tambaya. Na san amsar, amma na kasa faɗa, 'yan aji suka sa dariya. Ba ta yi faɗa ba. Ta taho har kujerata ta ajiye mini takarda da fensir, ta ce, "Rubuta mini. Ni ma na fi yarda da abin da aka rubuta."

Haka ta yi mini har shekara ta ƙare.

Ba ta kiran sunana. Fero take ce mini, wato yarinya da Kanuri. Idan na shiga gidanta sai ta gaishe ni da yarensu, "Wushe, Fero. Yau ma an baro harshen a gida?" In gyaɗa kai. Ta ce, "Madalla. Ni ina da na mutum biyu." Sai ta zuba mini ardeb mai sanyi, kunun tsamiyar nan, ta yi ta hira ita kaɗai ina sha.

Bayan ibada, babu abin da Malama take so kamar awon ruwan sama. Tun farkon koyarwarta take yi, da gwangwanin madara da rula. Duk ruwan da aka yi sai ta auna ta rubuta. Littattafan sun cika akwati guda. Matan unguwa suna tsokanarta, "Malama, in kin gama aunawa mayar da shi sama za ki yi?" Sai ta ce, "Ku yi dariyarku. Ranar shanya ƙofata za ku zo."

Ambaliyar da ta shigo unguwarmu ta ci akwatin nan. Da muka dawo gidajenmu ta buɗe shi, takardun duk sun dame kamar kunu. Ba ta yi kukan gado ko zannuwa ba. A gaban akwatin ta zauna wuni guda.

Don ya rarrashe ta ne ɗanta, Injiniya Modu, ya aiko mata da na'urar auna yanayi ta gida, da tsohuwar kwamfutarsa. Kashi uku ce. Akwai ƙarfe a kan rufi mai ƙananan kofuna uku da iska ke juyawa. Akwai ma'aunin ruwa, kamar mazurari, a kan bulo a tsakiyar tsakar gida. Sai ƙaramin allo a ɗaki mai nuna lambobi. Babu igiya ko ɗaya tsakaninsu, ta iska suke aiko wa allon da saƙo. Amma allon ba ya riƙe abin da ya wuce. Sai an haɗa shi da kwamfuta da kebul, ita ce za ta riƙa rubutawa tana ajiyewa.

Mai solar da ya kafa na waje ya ce haɗin kwamfuta ba aikinsa ba ne, ya tafi. Ita kuma Malama sanyin ƙashi ya riga ya lanƙwasa mata yatsu, ko murfin gora ba ta iya buɗewa. Sai ta leƙo ta katanga ta ce, "Fero, zo ki ara mini yatsunki."

Sau biyu kawai na taɓa taɓa kwamfuta a makaranta.

Yammaci uku muka yi a kai, Injiniya yana faɗa mana ta waya. Kullum kwamfutar sai ta ce ba ta ga na'urar ba. Ashe kebul ɗin da muka sa na caji ne kawai, ba ya ɗaukar saƙo. Na gaskiyar yana can ƙasan kwali, ƙarƙashin soso. Da muka sa shi, sai agogon kwamfutar ya zama na wata ƙasa, tana rubuta zafin azahar a lokacin asuba. Malama ta yi dariya har da tari, ta ce, "Wannan ba 'yar Borno ba ce, ba ta san rana ba."

Na gyara agogon. Muka zauna muna kallo.

Layi ya fito shi kaɗai. Lokaci, zafi, iska, ruwa. Bayan minti biyar wani ya fito a ƙarƙashinsa. Babu wanda ya taɓa komai.

Malama ta ƙura wa layukan ido. Can ta ce, "Fero, ke nan ko na mutu wannan abin zai ci gaba da rubutu?"

Na ce, "In akwai rana, kuma kebul yana ciki."

Ta ce, "To. Ya fi ni ke nan."

Ta sa na ɗaura wa kebul ɗin jan zare. Ta ce, "Kowa ya taɓa abin da ya ga dama a gidan nan, har tukunyata. Ban da wannan."

Duk da haka ba ta gama yarda da na'urar ba. Kowace Juma'a bayan la'asar sai ta gwada ma'aunin ruwan. Tana da wani ƙaramin kofin shayi na gilashi mai tsagi a baki. Ta cika shi da ruwa, ta tsaya a kan mazurarin tana tsiyayawa. A cikin ma'aunin akwai ɗan cokali mai baki biyu, idan gefe ɗaya ya cika sai ya kife, ya yi ƙara, ƙwas. Kowane ƙwas kwamfuta tana ƙirgawa. Kofin nan milimita huɗu yake bayarwa, in dai na'urar lafiyarta ƙalau.

A hankali take zubawa, tana tasbihi. Minti goma sha biyar take ɗauka a kan kofi ɗaya. Don haka ruwanta kullum a layi uku yake fitowa: ɗaya, biyu, ɗaya. Ni idan ta ba ni, kafin minti biyar na gama, duka ya faɗa a layi ɗaya. Sai ta ce, "Sama ba ta sauri irin naki, Fero. Wa ke koranki?"

Idan an gama sai a buɗe littafin da ke gefen kwamfutar a rubuta ranar da lokacin, a sa "gwaji", don kada gobe wani ya ɗauka ruwan sama ne. Ƙa'idarta biyu ce a littafin nan. Ba a rubuta abin da ba a gani ba. Kuma ba a gogewa, sai dai a ja layi ɗaya a kan kuskure, yadda za a iya karanta shi.

Yanzu ga abin da na ɓoye.

A ƙarshen bazarar bara an yi kwanaki babu wuta. Duk layinmu gidan Malama ake kai waya caji, saboda solarta. Rannan ta tafi suna Mafoni ta bar mini gidan. Baba yana kan hanyar dawowa daga Kano, Umma tana jiran kiransa, wayarta ta mutu. Na je da ita, na tarar soket ya cika, babu gurbi ko ɗaya. Ramukan jikin kwamfutar ma duk an sa wayoyi, saura mai jan zare.

Na ce minti goma kawai.

Wayar tana kawowa kiran Baba ya shigo, na cizge ta na ruga gida da gudu. Ban mayar da kebul ɗin ba. Washegari zazzaɓi ya kwantar da ni, na kwana huɗu ban fita ba.

A cikin kwana huɗun nan aka yi ruwan farko na shekara. Ruwan da Malama ta yi wata da watanni tana jira, na farko da za ta samu tun bayan da akwatinta ya tafi. Ita tana ganin allo a kunne, ta ɗauka komai yana tafiya.

Ranar da na warke na shiga, na tarar Injiniya ya zo ganinta. Yana tsaye riƙe da kebul ɗin, ya tsinto shi a bayan tebur. Ya ce, "Mama, wa ya cire wannan? Kwana huɗu babu layi ko ɗaya."

Ina bakin ƙofa.

Malama ta dube ni sau ɗaya, ta kawar da kai. Ta ce, "Ni ce. Ina shara na cire, na manta."

Ya ce, "Kin manta? Abin da kika fi so a duniya? Watan jiya tukunya kika bari a wuta. Kafin nan makulli. Yanzu kuma wannan. Mama, ba zan ƙara barinki ke kaɗai ba."

Ta ce, "Tukunya kowa yana mantawa, Modu. Kai ma ka taɓa manta takalminka a masallaci ka dawo da na wani."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Tukunya na yi shiru. Wannan ne ya ba ni tsoro."

Kalma uku ce da zan faɗa. Ni na cire. Ban faɗa ba.

Da yamma ta buɗe littafin, ta rubuta kwanakin huɗu, ta sa "kuskurena" a gabansu. Na ce mata da ƙaramar murya ko mu tambayi wani yawan ruwan mu cike gurbin. Ta ce, "A'a. A bar shi a buɗe. Ba mu gani ba."

Bayan mako biyu mota ta zo.

Ba ta son tafiya, kowa ya gani. A Gwange aka haife ta. Ta tsaya a tsakar gida ta ƙi motsi sai da Injiniya ya yarda a bar na'urar a kunne, ta ce damina mai zuwa za ta dawo. Sannan ta kira ni ɗaki ta danƙa mini makulli da kofin gilashin.

Ta ce, "Juma'a bayan la'asar. A hankali."

Na gyaɗa kai.

Ta taɓa jan zaren da yatsunta. Ta ce, "Wannan abin da tauri yake wajen cirewa. Ni tun da aka sa shi hannuna bai taɓa iyawa ba." Ta gyara mini hijabi. "Ranar da harshen ya zo, Fero, ina nan."

Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan.

Ta sani. Tun ranar ta sani.

Kusan wata goma ke nan ina shiga gidan bayan makaranta. In goge ƙurar solar, in duba kebul, in duba layuka. Gidan da babu kowa yana da irin shirunsa. Kofunan kan rufi suna ta juyawa ko da ba ka jin iska a jikinka. A ɗaki kuma layi yana fitowa, bayan minti biyar wani ya biyo, ga kujerarta a gaban tebur babu mai zama. Wani lokaci nakan yi sallama in jira.

Idan ta kira wayar Umma takan ce a ba ni. "Fero, me sama ta ce?" In karanta mata lambobi. Kullum in ce yau zan faɗa, kullum in miƙa wa Umma wayar.

Gwajin Juma'a na yi ta yi har rani ya shiga. Amma tsayuwa ni kaɗai a tsakar gidan nan, ina jin ƙwas, ƙwas, tana ba ni tsoro. Sai in juye kofin da sauri in fita. Juma'a uku da suka wuce na daina gaba ɗaya.

Jiya bayan la'asar ina tsintar shinkafa a jikin katangar da ke tsakaninmu. Zafi ya sa unguwa ta yi tsit, ko kaji ba sa motsi. Sai na ji ƙwas daga can ɓangaren. Na tsaya. Can kuma, ƙwas. Na ce wa kaina ƙadangare ne, na ɗauki tire na koma ɗaki.

Yau da Umma ta gaya mini, ban yi kuka nan take ba. Na ɗauko makulli daga ƙarƙashin matashina. Yaya Rabi ta biyo ni.

Kwaɗon yana nan yadda na bar shi. Tsakar gidan babu sawun kowa sai nawa na shekaranjiya. Na shiga ɗaki na ja layukan jiya baya.

In ban da gwajina na Juma'a, wata da watanni gurbin ruwa sifiri ne, layi bayan layi. Kowa a garin nan ya san ko gajimare babu a sama jiya.

Ƙarfe huɗu da kwata: ɗaya.

Huɗu da minti ashirin: biyu.

Huɗu da ashirin da biyar: ɗaya.

Sai sifiri ya ci gaba har zuwa safiyar yau.

Yaya Rabi ta ce, "Ƙadangare ne, matsoraciya. Ko tsuntsu ya sauka a kai."

Na ce, "Ƙadangare zai yi minti goma sha biyar yana zuba kofi ɗaya?"

Ta ce, "To na'ura ce, na'ura tana haukacewa da zafi. Wayata ma tana yi." Ta dubi taga inda kofin yake. "Ke kika bar shi a buɗe?"

A kife nake ajiye shi saboda ƙura. Haka nake yi kullum. Amma ranar da na ajiye shi na ƙarshe sauri nake yi, ba zan iya rantsuwa ba. A bushe yake. Ma'aunin ma na buɗe, a bushe yake, amma da wannan rana ko bokiti aka zubar jiya da ya bushe.

Yaya Rabi ta ce, "Mu fita, Hafsa." Ta riga ni kaiwa ƙofa.

Na san wanda ya rasu ya tafi, ba ya dawowa, an koya mana. Ban ce ita ce ba. Abin da kwamfuta ta rubuta kawai na faɗa muku. Saƙon da aka turo wa Baba cewa ya yi bayan la'asar. Ban tambayi ƙarfe nawa ba, kuma ba zan tambaya ba.

Injiniya, na san za ka ga wannan, Yaya Rabi za ta tura maka. Mama ba ta manta ba. Hankalinta ƙalau yake, ya fi na kowa a layinmu. Ni na cire kebul ɗin don in yi cajin wayar Umma. Ta ɗauki laifin ne saboda ta ga na tsorata a bakin ƙofa. Da na buɗe baki, wataƙila da a ɗakinta ta cika, a garinta, da ƙawayenta suka yi mata wanka. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare ko a ina mutum yake. Amma wata goma ta yi ana kallonta a matsayin wadda ta fara ruɗewa, kuma ni na jawo. Ka yafe mini in za ka iya. Duk wanda aka gaya wa cewa mantuwa ta kama Malama Yagana, don Allah a koma a gaya masa ba haka ba ne.

Ita ban samu na roƙe ta ba. Ta ce tana nan, na ɗauka kullum tana nan.

Ya Allah, ka gafarta wa Malama Yagana. Ka rufa mata asiri kamar yadda ta rufa mini a gaban ɗanta. Ka yalwata kabarinta, ka sanyaya shi, ka saukar mata da rahama a hankali ba yankewa. Ka ba Injiniya da 'yan'uwansa haƙuri. Duk wanda ya karanta har nan, ko bai san ta ba, don Allah ya yi mata addu'a. Wanda ta koyar kuma ya karanta mata Ƙulhuwallahu, ya sa ni a ciki.

Bayan Yaya Rabi ta fita ban bi ta nan take ba. Na buɗe littafin. A ranar jiya ban sa "gwaji" ba, ban sa "ruwa" ba. Na rubuta: "Ɗaya, biyu, ɗaya. Ban gani ba."

Sannan na koma baya, shafin kwana huɗun nan. Na ja layi ɗaya a kan "kuskurena", yadda har yanzu ana iya karanta rubutunta. A ƙarƙashi na rubuta: "Hafsatu ce ta cire."

Makullin yana wurina har sai an karɓa. Na wanke kofin na kife shi. Juma'a mai zuwa bayan la'asar zan shiga ni kaɗai in cika shi, kuma ko me na ji a tsakar gidan nan, sai na yi minti goma sha biyar.